Mayen Ƙarfen da Giram Ya Ba Gwaggo

Ranar da allurar Gwaggo ta faɗi a bakin ƙofa, ta daɗe a durƙushe tana lalube cikin ƙasa. Tun rasuwar maigidanta ɗinkin hannu ne abin yinta, ido kuwa ya fara ja da baya. Maƙwabcinta na tsugune gaban kekensa, ya ɗago kai ya gan ta. Ya kwance wani ɗan abu kamar ƙwayar wake daga jikin wayar tayar baya, ya zo ya shafa shi a ƙasa, sai ga allura ta maƙale. Ya ce mayen ƙarfe ne, ta riƙe kyauta, dama nauyi kawai yake ƙara wa keke. Ta sa masa albarka, ta jefa abin a gwangwanin allurai.

Gyaran sikeli ne sana'ar mutumin nan, shekara ashirin da wani abu. Duk unguwa Giram ake ce masa, don ba abin da zai wuce ta gabansa bai so sanin nauyinsa ba. An ce da aka haifi 'yarsa ta fari, sai da ya ji nauyin jaririya kafin ya tambayi jikin uwar. Mutum ne mai kirki, ba ya wuce Gwaggo bai rusuna ba. Illarsa ɗaya, tumbi, wanda kullum yake riga shi shiga shago.

Da likita ya ce ya riƙa hawan tudu ya rage ƙiba, sai ya sayo keken hawan dutse mai batir, wanda inji ke taya mutum taka feda. Daga nan ya dubi cikinsa, ya dubi keken, ya ga keken ya fi sauƙin kwancewa.

Ƙararrawa ce ta fara tafiya. Fitila ta bi ta, sai murfin da ke tare taɓo. Ya cire ƙafar da keken ke tsayawa a kai, ya koma jingine shi da kabad ɗin kwanukan uwargida, domin a falo keken yake kwana. Ya kankare fenti, ya huda sirdi wuri tara. Sarƙa kuwa ɗigo-ɗigo yake sa mata mai, sannan ya bi da tsumma ya goge, wai shi ma mai yana da nauyi. Batir yana da matashinsa na kansa, ba a barin sa ya ƙoshi da wuta, ba a barin sa da yunwa. Uwargida ta ce ita ba a taɓa yi mata irin wannan lissafi ba. Duk abin da ya cire sai ya rataya keken a sikeli, in ya ga allurar sikelin ta sauka ya aika a kawo shayi da burodi mai man shanu, a yi murna.

Washegarin ranar allurar Gwaggo keken ya ƙi. In ya hau, injin ya ɗan tura shi zuwa bakin layi, sai ya ɗauke, wata lamba ta fito a ɗan gilashin da ke kan hannun keke. Giram ya ce ƙaramin abu ne. Ya goge bakin batir, ya bi wayoyi ɗaya-ɗaya, ya hura, ya mayar. Shiru. Ya kwance injin a kan faranti, notuna a kofunan shayi, baƙi suka koma zama a tsakar gida. Wanzami ya ce baki ne ya kama keken. Mai gyaran rediyo ya ce ruwa ne ya shiga ƙwaƙwalwarsa. Ƙanin uwargida ya dubi tumbin ya ce shi dai ya san ko jaki yana da iyakar kaya.

Mako bakwai ana haka. Ranar da uwargida ta tsinci noti a ƙasan kofinta, haƙuri ya ƙare. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Asabar mai zuwa in keken bai hau dutsen bayan gari ba, mai sayen tsohon ƙarfe zai zo ya kwashe shi.

"A sikelinka ma za a auna masa, maigida, don kada a cuce ka."

Gwaggo ba ta san inji ba, amma ta san rana. Ta tuna keken lafiya lau yake har ranar da allurarta ta faɗi. Ta kuma tuna cewa in tayar tana juyawa, ɗan abin nan yana wucewa ta gaban wani baƙin maɓalli a jikin ƙarfen baya, kamar mai leƙa gida ya gaisa ya wuce. Sau biyu ta gwada faɗa masa. Ya yi dariya cikin ladabi, ya ce ta bar su da ƙarfe, su bar ta da zare. Ta koma kan carbinta.

Asabar da hantsi mai tsohon ƙarfe ya iso da kurarsa, yana ƙwanƙwasa taya yana taɓe baki. Giram ya haɗa injin karo na huɗu, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Ya hau, ya kai bakin layi, ya dawo yana turawa. Uwargida na tsaye a ƙofa da tsintsiya, tana jiran share falo.

Gwaggo ta sa mayafi ta fito da gwangwaninta. Ta ɓamɓare allurai daga jikin abin, ta miƙa masa.

"Ɗan nan, mayar da wannan inda ka ciro shi, ko don ka faranta wa tsohuwa. Nauyinsa nawa ne?"

"Giram biyar," in ji shi, bai ko tsaya tunani ba.

Ya ɗaura shi ne don kunyar idon mutane. Ya taka feda, injin ya yi gurnani, bai ɗauke ba. Ya wuce bakin layi yana ihun a ba shi hanya, tunda babu ƙararrawa. Daga ƙofar gida aka hango shi ƙanƙane a kan dutse. Ya dawo da zanen taɓo tun daga wando har ƙeya, ya tara jama'a yana bayani: da wannan abin inji ke ƙirga juyin taya, in babu shi sai ya ɗauka keken a tsaye yake. Ya ce dama can nan zarginsa ya fi karkata. Mai kura ya tafi hannu wofi. Uwargida ta ajiye tsintsiya, keken ya koma jikin kabad.

Bayan la'asar Giram ya yi sallama a ƙofar Gwaggo, da ɗan ƙulli a takarda. Ya rusuna gwargwadon yadda tumbi ya yarda, ya ce kyauta ba a karɓe ta, ga kayanta.

"Sai dai ina roƙon alfarma, Gwaggo. Ki riƙa ara mini shi duk Asabar. Sauran kwanakin ya zauna wurinki, don ranar Lahadi nake auna keken."