Pil Huɗu da Pil Shida

Har yau akwai masu cewa na yi wauta da na sayar da akuyata na sayi abin wasan yara. Su yi ta faɗi, baki nasu ne. Ba su suka yi wata biyu suna ɗauke kwanon tuwo yadda suka ajiye shi ba.

Maigidana direban motar haya ne tsakanin Madawa da Keita. Shekarar da kuɗin sefa suka karye motar ta kife da shi a wata gangara, aka yanke mishi ƙafar dama a asibitin mishan. Ciwon ya warke, muka koma Karofane gidan iyayensa, shi kuwa ya juya fuska ga bango. Ba ya magana, ba ya cin abinci sai ɗan kurɓin fura. Ina kallo yana ƙarewa a gabana, kuma na ji tsoro ƙwarai, don na san inda wannan hanya take kaiwa.

Abu ɗaya na riƙe. A asibiti wata ma'aikaciya Kirista ta taɓa ara mishi 'yar na'urar wasa mai gilashi da maɓallai, ranar kaɗai na ga ya tashi zaune da kansa. Sai na sayar da akuya, ran kasuwar Madawa na tafi tare da ƙanensa.

Wani mai butik ɗin kayan rediyo yana da guda biyu, na gwanjo daga Kotonu. Ɗaya baƙa ce mai faɗi, hotonta da launi kamar talabijin. Ɗayar mai ruwan toka, gilashinta kore-kore kamar miyar kuka.

"Kamfani biyu na masu gaba da juna," in ji mai butik. "Masu wagga mai kala so suke su kashe kasuwar waccan, har talla suke yi suna yi mata dariya. Su ko masu mai toka ba su tanka ba. Sun sassauta kuɗi, sun haɗa ta da wasan jera tubali."

Na ce, "Pil nawa kowace ke ci?"

Ya sosa ƙeya. Mai kala batir shida, kuma daga hantsi zuwa azahar ta lashe su. Mai toka huɗu, sai a kwana biyu ba a waiwaye su ba. Nan take na gane. Wanda ya ƙera mai kala yana tunanin gida mai lantarki ne, mu kuwa Karofane ko waya ɗaya ba ta ratsa ta ba.

Ƙanen mijina ya kwashe da dariya. "Haba matar yaya! Mutum na kwance cikin baƙin ciki, ki kai mishi abin da ko launi babu? Rowa dai!"

"Rowa? Akuyata na sayar, kai mi ka sayar ban da baki?"

Don ya nuna mani, ya zaro kuɗin albasarsa ya sayi mai kala. Ni ma ban fasa ba, na sayi mai toka na ƙulle a bakin zane. Muka kamo hanyar gida.

Gaskiya ɗaya ce, mai kala ta yi kyau. Maigida ya tashi zaune, maƙwabta suka cika ƙofar ɗaki, ƙanensa sai harara ta yake yana murmushi. Kafin la'asar sai na'urar ta mutu. Aka zare pil na rediyo, aka zare na cocila, ta cinye. Sai muka yi mata dabarar da muke yi wa rediyo: aka shanya pil a rana bisa kwanon rufi, aka ciccije su da haƙori har suka lotse. Rediyo kan yarda da wannan. Ita kuwa sai ta haska, kafin ya ɗora yatsa ta ɗauke. Sau uku ana haka.

A na ukun ya ture ta, ya ce, "Ku ɗauke ta. Abin da sai dai ya ci ba ya aiki, ni kaɗai ban isa ba a ɗakin ga?" Ya koma ga bango. Wallahi da ƙanensa na kusa da na mare shi.

Da safe na tsince pil huɗu cikin waɗanda aka zubar bayan ɗaki, masu shaidar haƙori, na zuba a mai toka. Ta yi ɗan ƙara, ta kama. Na ajiye kusa da hannunsa, na fita daka.

Na gama surfe, na gama daka, tubali na ta zubowa. Da na leƙa yana zaune, ya jingina da bangon nan da ya saba kallo.

"Ina kika samo sabon pil?"

"Babu sabo. Waɗanda aka ce sun ƙare ne."

Ya juya na'urar, ya buɗe bayanta, ya daɗe yana duban pil ɗin nan lotsattsu. Ya mayar da murfi. Bai ɗago kai ba ya ce, "Da sauran tuwon jiya?"