Ƙuri'ar Malam Gwadabe

Malam Gwadabe baduku ne a Kasuwar Kurmi, kuma sakataren Taurarin Madabo, ƙaramar ƙungiyar ƙwallo da ta lallaɓa ta shiga gasar ƙwararru. Bayan soja sun sauka daga mulki sun koma bariki, wani gidan talabijin ya sayi izinin nuna wasannin, aka kira taron tsara rabon kuɗin. Ƙananan ƙungiyoyi suka ce a raba daidai wa daida, manya suka ce kowa ya samu gwargwadon wasanninsa da aka nuna.

A wurin taron, shugaban wata babbar ƙungiya ya kamo hannun Gwadabe, ya zaunar da shi a kujerar gaba, ya ce, "Malam, kai ma za a ga yaranka a talabijin." Daɗi ya ɗebe shi, ya ɗaga hannu tare da manya, aka kayar da ƙanana da ƙuri'a ɗaya tak.

Har kakar wasa ta ƙare ba a nuna Taurari ko sau ɗaya ba, rabonsu kuwa ko takalma bai saya musu ba. Kyaftin ɗinsu Mika'ilu ya zo rumfarsa ya ce, "Baba, wai wa ya sayar da mu a taron nan?"

"Ni ne," in ji Gwadabe, "kuma ko sisi ba a ba ni ba." Mika'ilu ya yi masa sallama cikin ladabi ya tafi. A makon nan Gwadabe ya ajiye muƙaminsa, bai sake bin hanyar filin atisaye ba.