Haruffan da Ba Su Iya Tsawa Ba

Tun yana saurayi ake kiransa Mai Kumatu, alhali shi busasshe ne kamar kara. Haruffansa ne masu kumatun. Shi ke rubuta allunan shagunan unguwar, kuma bai taɓa shiri da harafi mai tsini ba. Murfin gwangwanin madara yake kifawa ya zagaye da fensir, ko murfin bokiti in allon babba ne, sannan ya cika da fenti har harafin ya yi ɓul-ɓul. Mai burodi, mai alawa, mai kayan wasan yara, duk wurinsa suke zuwa. Abin ya shiga kansa, har ya kai ba wanda ya isa ya gyara masa aiki.

Da maƙwabcinsa ya fara haƙa rijiya a filin bayan layi, ya kewaye ramin da kwanon rufi, ya roƙe shi ya rubuta gargaɗi a jiki.

"Malam, a yi shi ja, mai ban tsoro, saboda yara," in ji maƙwabcin.

"Kai dai ka bar wa mai aiki aikinsa," in ji Mai Kumatu.

Ya kifa murfin bokitinsa, ya rubuta HATTARA, RIJIYA da fenti rawaya, haruffa ƙosassu gwanin sha'awa. Ya ja baya ya kalla, ya yaba wa kansa.

Jikarsa ba ta fara karatu ba, amma ta san hannun kakanta, ta kuma san duk inda ta ga irin waɗannan haruffa akwai kayan daɗi a ciki. Ta tura kwanon ta shiga. Allah ya taimaka ramin bai yi zurfi ba tukuna, hannu kawai ta karya.

A asibiti ya tsaya daga bakin ƙofa yana murza hula. 'Yarsa, uwar yarinyar, ta hango shi.

"Baba, shigo mana ka zauna, ka gaji."

Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Yarinyar ta ɗago kai daga matashi ta ce, "Kaka, sabon shagon naka babu alawa." Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Washegari ya shafe rubutun, ya ari rula, ya zage zai yi haruffa masu tsini. Hannun ya ƙi. Duk kusurwar da ya nufa sai ta lanƙwashe ta yi kumatu. Ya wanke buroshi ya ajiye.

Sai ya ɗauko kujera ya dasa a bakin kwanon, kullum tun safe, yana daka wa yara tsawa, shi da bai taɓa ɗaga murya ba. Haka ya yi ta yi har aka yi wa rijiyar murfi. In mai wucewa ya tambaye shi ina allon gargaɗin, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne allon."