Takardun Da Na Bayar Sadaka

Shekarar da ruwa ya yanke hanyar Nguru zuwa Gashua, har sai da kwale-kwale ake tsallaka mutane, ni mai bandar kifi ne a Nguru, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ban iya karatun boko ba a lokacin. Duk takarda a idona ɗaya ce, ta asibiti da ta ƙunshin barkono. Yanzu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, da hannuna kuma nake rubuta wannan.

Maiɗakina tana da wani kati da aka ba ta a wani asibiti a Gashua tun haihuwarta ta biyu. A wancan karon an yi mata wata allura, jikinta ya kumbura, numfashinta ya sarƙe, da ƙyar aka ceto ta. Likitan ya rubuta sunan allurar a katin, ya ce duk inda ta je ta nuna. Tana ajiye shi a wata 'yar jakar fata da ba ta rabuwa da ita. A daminar nan zazzaɓi ya kama ta, na kai ta wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa da hantsi. Likitan ba ya nan, ruwa ya tare shi a hanya, sai wani ma'aikaci da layin mutane har waje. Da aka zo kanta ta zaro katin ta miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya yi dariya ya ce ashe yau babbar likita ce ta kawo musu ziyara, to ta zo ta hau kujerarsa shi ya kwanta. Mutane suka yi dariya. Ni kuma kunya ta kama ni, na ce mata ta mai da katin ta bar mutum ya yi aikinsa. Ya rubuta allura a wata 'yar takarda, na karɓo allurar a tagar ba da magani, na cusa takardar a jakarta, ya yi mata. Yana zare allurar ba a jima ba ta kama rigata, ta ce da ni Malam, ita ce, irin ta wancan karon ce. Kafin azahar ta cika.

Mun binne ta kafin la'asar. A wajenmu, tsohuwar da ta yi wa mace wanka akan ba ta zanin mamaciyar da 'yan ƙananan kayanta sadaka. Da mata suka tambaye ni jakar fa, na ce a haɗa da ita. Ban buɗe ba, don ba na iya kallonta.

Yayan marigayiyar malamin makaranta ne a Gashua, sai a kwana na biyar ya samu tsallakowa. Da na ba shi labari ya ce wannan sakaci ne, kuma akwai hukuma. Ya kai ni wurin wani lauya. Abu na farko da lauyan ya tambaya shi ne katin da takardar allurar. Ya ce ɗaya tana nuna abin da aka hana, ɗaya tana nuna abin da aka yi da rubutun hannun wanda ya yi, in akwai su magana ta ƙare. Washegari na je gidan tsohuwar. Na tarar da ita gaban kasko, ashe ƙosai take sayarwa. Na ce Iya, jakar nan da aka ba ki akwai takardu a ciki. Ta ɗauko jakar, ta zuba goro da allurar ɗinki a cikinta. Ta ce ɗan nan, takardu kam ta ƙunshe wa mutane ƙosai da su, mai kaurin kuwa ta fifita wuta da shi har ya kama. Ta yi ta ba ni haƙuri tana kuka. Ban ga laifinta ba, ni na ba ta.

Duk da haka muka shigar da ƙara. Masu asibitin suka ce ruwa ya jiƙa littafinsu na wannan watan, ma'aikacin kuma ya bar aiki, ba su san inda ya nufa ba. Inda aka ba ta katin suka ce sai da lambarsa za su iya nemo fayil na shekarun baya. Mutanen da suka yi dariya a layi, da na bi su su ba da shaida, kowa ya ce shi jinyar kansa ta kai shi, bai ji komai ba. Baffana ya aiko a faɗa mini wai ina jayayya da ƙaddara, ya daina amsa gaisuwata. Sai ɗaga shari'a ake yi, yau alƙali ya yi tafiya, gobe lauyansu ba shi da lafiya, ni kuwa ina kan benci daga safe har rana ta karkata, kifina yana lalacewa a gida. A ƙarshe lauyana ya ce hanya ɗaya ta rage, a nemi izinin tono ta a duba, shi ma ba tabbas. Na ce a bar ta ta kwanta. Zaman da ya biyo baya aka kori ƙarar saboda rashin hujja.

Na yarda kwananta ne ya ƙare, amma yarda da ƙaddara ba ta hana a tambayi mai sakaci ba, don gobe wata mara lafiyar ce za ta zauna a gabansa. 'Yan'uwa, in naku ya rasu a asibiti, kafin a raba kayansa ku ware duk wata takarda ku ajiye, ko ba ku iya karanta ta ba. In kuma mara lafiya ya ce ga abin da jikinsa ba ya karɓa, ku tsaya a bayansa ko da za a yi muku dariya.

Abin da na rasa ba shi da wuyar ƙirgawa. Damina uku ba sana'ar kirki, zuwa kotu sau goma sha bakwai, baffa ɗaya da har ya rasu ba mu shirya ba, da matar da muka zauna shekara goma sha tara.