Kanada ta Cikin Waya

Maigidana ya tafi Kanada ana dab da rufe iyakoki. Wani kamfani mai haɗa na'urorin asibiti ne ya ɗauke shi aiki, ya bar ni a unguwar Bukit Jalil ta Kuala Lumpur da 'yarmu mai shekara shida da karatun digirina na biyu da ban gama ba. A filin jirgi ya ce da zarar ya zauna da gindinsa zai shigar mana da takardu. Sai korona ta shigo, aka kulle Kuala Lumpur. Shagon abincin da ake kira mamak na ƙasan gidanmu ya kife kujerunsa, ba zama, sai dai a yi tapau, a ɗaure maka a leda ka hau da shi sama.

Shi aikinsa bai tsaya ba, yau yana wannan gari gobe yana wancan. Darensu safiyarmu ce. Ina kunna wa yarinya kwamfuta don darasi sai waya ta yi ƙara, ga shi zaune a ɗakin otal, kwalin abinci a buɗe. Kafin ya ce mun kwana lafiya ya juya kyamara. A Montreal ya nuna mana poutine, soyayyen dankalin Turawa da aka zuba wa cuku da romo. A Halifax wani ƙaton jatan lande ne mai hannuwa kamar almakashi, yana fasa shi yana tsotsa. A Quebec ya ɗiga wani ruwan zaƙi da ake tatsa daga bishiya a kan burodi, ya ce zumar Kano albarka. Da farko ina jin daɗin kallon. Ina haddace sunayen garuruwan, ina nuna wa yarinya su a taswira, tana ɗora yatsa a kan inda za mu fara sauka.

Ana haka cutar ta kama ni. Aka ɗaura mini abin hannu mai ruwan hoda na waɗanda aka killace, aka ce kada in leƙo ko ƙofa. Zazzaɓin bai dame ni ba kamar yadda hancina da harshena suka mutu. Wata dattijuwa Bamalaya da ke ɗakin kusa da mu, wadda muke kira makcik, takan rataye mana kunun shinkafa a marikin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta tafi. In na sha, kamar ruwan ɗumi nake haɗiya.

A cikin kwanakin nan ya kira daga Toronto, yana cin gasasshen nama.

Na ce, "Malam, ni fa ko ƙanshi ba na ji. Jiya na ƙona tukunya ban sani ba, yarinya ce ta ga hayaƙi."

Ya yi dariya har yana tari. Ya ce, "To ai yanzu kika dace da girkinki. Mu da muke da harshe mu muka sha wahala."

Na jira ya ce wasa yake. Ya ci gaba da tauna, ya ce in kira masa yarinya. Ta zo da gudu, ta cusa fuska a waya. Hausarta ta fara kwaɓewa, rabi Turanci rabi Malay. Ta ce, "Abba, yaushe za mu zo lah? Ni ma ina so in makan wannan."

Ya ce, "Ji bakinta. Ke da wannan yaren za ki shigo nan? Faɗi sunan abincin da na nuna miki shekaranjiya."

Ta faɗa, bai fito daidai ba. Ya sa ta maimaita, ta sake, yana kwaikwayonta da muryar yara, har ta koma murza gefen rigarta. Ya ce mini ga tarbiyyar da nake bayarwa nan, sannan ya ce abincinsa zai huce, ya kashe.

Na warke, amma ƙanshi ya daɗe bai dawo ba. Duk lokacin da na tambayi maganar takardu sai ya ce ofisoshi a rufe suke. Na yarda, don komai a rufe yake a lokacin. Sai da aka fara sassauta kulle, matar wani abokin karatuna ta samu bizarta ta bi mijinta can, na sake tayar da maganar. Yana Vancouver, a bakin teku, iska na kaɗa masa riga, kifi a takarda a hannunsa.

Na ce, "Malam, don girman Allah ka faɗa mini gaskiya. Ka shigar?"

Ya ce, "Ban shigar ba."

"Tun tafiyarka?"

"Na duba na ga ba abin da za ki zo ki yi nan. Wurin nan ba irin naki ba ne. In kin gama karatun ki kai yarinya Kano wurin Hajiyarmu, ke kuma ki san inda dare ya yi miki." Ya juya kyamara ya ce, "Kin ga duwatsun can? Ƙanƙara ce a kai."

Na tsaya ina kallon duwatsun. Yarinya tana bayana tana cin burodi, ta ji komai. Daga ranar in waya ta yi ƙara sai ta shige banɗaki ta rufe ƙofa. Ya ce ni na zuga ta.

Na kare kundin digirina ta kwamfuta, daga teburin da muke cin abinci. Makcik ta raka mu har mota ranar tafiya, ta cusa wa yarinya alewar kwakwa a aljihu. Mun sauka Kano ba a jima ba saki ya biyo baya ta bakin yayansa. Abin da ban sani ba, ya riga ya gaya wa danginsa da nawa cewa ya yi ta roƙona in zo, ni na ƙi, wai tsoron sanyi nake. Har yau in na je biki sai wata ta matso kusa da ni ta ce, "Wai ke ce kika ƙi Kanada?" Gwaggona ma cewa take Allah ya ba ni na yi wasa da shi.