Gicciye a Gwiwar Yaya

Jiya da hantsi maƙwabciyarmu ta narka man shanu, ƙamshin ya hawo ta tagar kicin ya same ni ina wanke kofuna. Kowa in ya ji wannan ƙamshi tuwo yake tunawa da miyar kuka. Ni gwiwa nake tunawa, gwiwar hagu ta yayana, ta kumbura kamar kankanar kasuwar Utaiƙa, tana ta sheƙi a hasken taga. Sai na ajiye kofin na rufe tagar.

Shekarata sha huɗu da 'yan kai, don haka in na ce "lokacin da nake yarinya" Mama takan tambaye ni yaushe na daina. Ita ta sani. Abin da zan ba ka labari ya faru ina 'yar sha uku, amma a wurina ya yi nisa kamar zamanin jirgin Annabi Nuhu.

A unguwar Utaiƙa ta birnin Riyad muke zaune, hawa na biyu, a saman shagon mai sayar da albasa, shi ya sa duk wanda ya fito daga gidanmu ake zaton kuka ya yi. Baba direba ne a wani kamfanin gine-gine da ke unguwar Ulaya, yana tuƙa injiniyoyi 'yan Ostireliya. Ni a nan Riyad aka haife ni, Larabci ya riga Hausa shiga bakina. Yaya kuwa a gida aka haife shi, a hannun Kaka, mahaifiyar Baba, ya tashi a ƙauye har ya shekara goma kafin a kawo shi. Ban san me ta ciyar da shi ba. Mu in za mu canza ƙwan lantarki kujera muke nema, shi sunkuyawa yake yi.

Tsayin nan ne ya kai shi cikin wasan mutanen Baba. Suna da wata ƙwallo tasu da suke bugawa ranar Juma'a da la'asar a filin rukunin gidajensu, arewa da gari. Ƙwallon ba ta da zagaye, kamar gwanda take, in ta faɗi ƙasa ita kanta ba ta san inda za ta nufa ba. Ana bugunta da ƙafa, ana naushinta da hannu, raga babu, sai sanduna huɗu a kowane gefe. Abin da suka fi so a wasan shi ne mutum ya yi tsalle, ya taka bayan ɗan'uwansa, ya cafke ta a sama. A unguwarmu in ka yi wa mutum haka sai an kira 'yan sanda, su tafi suke yi. Wata Juma'a Yaya ya raka Baba, ƙwallo ta ɓato wajen fili, ya miƙa hannu ya tsinke ta a sama kamar mai tsinkar dabino. Kocinsu, wani mai sanƙo da rana ta mayar ja kamar tumatir, bai bar shi ya tafi ba sai da riga a hannunsa.

Da sanyi suke yin kakar wasansu, don da zafi ko ƙadangare ba ya gudu a garin nan. A shekararsa ta biyu kocin ya ce wa Yaya in ya ƙare kakar kamar yadda ya fara, zai tura shi gwaji a wata ƙaramar ƙungiya a garinsu, yana da mutane a can. Ka san abin da wannan yake nufi ga yaro ɗan sha tara da ke zaune a kan iƙamar ubansa, wato takardar izinin zama. In ba wannan ƙofa ba, sauran ƙofar ita ce ya nemi kafilinsa, ubangidan da zai tsaya masa a ƙasar, ya ɗauki bulo ko sitiyari kamar kowa. Yaya ya daina shan lemon kwalba. Kullum bayan asuba yana gudu a matakalar gidanmu, sama da ƙasa, har mai albasa ya ce a kan gashin kansa yake jin takun.

A shekarar ne Kaka ta zo mana ziyara. Kaka biyu ke nan muka yi a sanyi ɗaya, ta wasa da ta gida. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, carbinta ya kusa finta tsawo. Yaya take kira Maigida, shi yana ce mata Hajiya, ni kuwa Balarabiyar gida, saboda a cewarta Hausata kamar ta wanda ya ci tuwo da zafi. Larabcinta na salla ne da abin da ta tsinta a wurin tafsiri, don haka ni ce bakinta ni ce kunnenta. Na mori wannan muƙami. Mai shago ya ce mata barka da zuwa, in ce mata ya ce yana neman aurenta. Ta zabga mini carbi, ta yi dariya har ta riƙe bango. Haka muke yi kullum, ita ma ta san wasan.

A wasa na huɗu abin ya faru, ina wurin. Yaya ya tashi sama, ya taka kafaɗar wani ƙato, ya cafke ƙwallo a inda tsuntsaye suke wucewa, ya sauko a kan ƙafa ɗaya. Na ji ƙas, kamar an karya rake. Ya kwanta a ciyawa bai yi ihu ba, ƙwallon tana rungume a ƙirjinsa, sai da aka ɓamɓare yatsunsa aka karɓe ta.

Ranar Lahadi da safe aka ce a koma asibiti a ji sakamakon hoto. Baba ya yi tafiyar Dammam da ogansa, Mama tana wurin aiki, sai ni da Kaka muka raka shi. Aka tura Yaya wani ɗaki a gwada masa takalmin gwiwa, likita ya kira mu. Bamisire ne mai fara'a, ya girmama furfura, ya fuskanci Kaka yana bayani. Ya ce wata jijiya ce ta tsinke a cikin gwiwar, sunanta da Larabci ribaɗus salibi, saboda su biyu ne sun gitta juna. Ya gitta yatsunsa biyu ya nuna mata. Ya ce aiki ne da suke yi kullum, za a ɗebo jijiya daga cinyarsa a maye gurbin, ya huta wata tara ya koma fili. In aka bari kuwa gwiwar za ta riƙa zamewa har ta cinye guringuntsi.

Kaka ta taɓa ni. "Me ya ce?"

Kalmar salibi ce ta yi mini ƙaiƙayi a harshe. Kwana biyu ba wanda ya yi dariya a gidanmu.

Na ce, "Ya ce gicciye ne a cikin gwiwar, Kaka. Ya karye. Za su yanka su sa masa sabo."

Na sunkuyar da kai ina jiran carbi. Carbi bai zo ba.

"Gicciye irin na Nasara?"

"Salibi dai ya ce."

Ta san kalmar daga tafsiri. Ta juya ta kalli likitan, yatsunsa har lokacin a gicce. Ta ce, "Salibi?" Shi kuwa ya ji daɗi tsohuwa ta gane, ya gyaɗa kai ya ce, "Aiwa ya Hajja, salibi." Ta tattara mayafinta ta tashi.

A mota na so in gyara, amma Yaya yana kusa, na ji tsoron ya ji abin da na ce. Na bari sai mun isa gida. A gida na bari sai Baba ya dawo. Da Baba ya dawo Kaka ta tsare shi tun bai cire takalmi ba.

"Da Larabci me ake ce wa abin da ke ƙafar yaron nan?"

"Inna, suna ne kawai na likitoci, jijiya ce."

"Sunan na tambaye ka."

Baba ya ce, "Salibi."

"To."

Ka ga matsalar. Duk wanda ta tambaya, in dai mai gaskiya ne, sai ya tabbatar mata. Lissafinta kuma a miƙe yake: yaron da ta raina ba shi da gicciye a ƙafa ranar da ya bar hannunta, sai da ya shiga wasan mutanen nan. Na yi ƙarfin hali sau ɗaya na ce, "Kaka, kowa yana da shi fa, har ke." Ta ce, "Ni? A ƙafar da ta yi ɗawafi?" Ta ɗauka wasan da muka saba ne, ta zabga mini carbi.

Da yamma ta zauna a bakin katifar Yaya ta dafa ƙafar. Ta ce, "Maigida, wanda ke ciki Allah ya karya shi, mun gode. In ka bari suka sa maka sabo, da shi za a binne ka, da shi za ka tashi. Ban yafe goyon da na yi maka ba." Yaya ya kalli rufin ɗaki. Ya ce, "To, Hajiya." Baba yana tsaye a ƙofa, ban taɓa ganin ya mayar wa uwarsa magana ba. Mama ta ja ni kicin ta tambaye ni me na faɗa wa tsohuwa a asibiti. Na ce abin da likita ya faɗa.

Aka kira maɗori, wani mutumin Damagaram da ke sauke buhuna a kasuwar kayan miya. Ba maƙaryaci ba ne, ya ɗora karaya da yawa a unguwar sun warke. Ya lalubi gwiwar ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne mai nisa. Ya shafe ta da man shanu, ya yi tofi, da yake babu karan dawa a Riyad sai ya fasa akwatin tumatir ya ɗaure ƙafar da katakon, a miƙe, kwana arba'in.

Haka sanyin ya wuce mana. Aka yi ruwa kwana uku, titinmu ya zama kogi, ɗakin Yaya yana warin man shanu da hita. Matakala ta yi tsit. Duk Juma'a da la'asar wayarsa ta yi ta ƙara, abokan wasa suna turo sakamako, shi ya kifa ta a ƙarƙashin filo. Kocin ya zo dubiya sau ɗaya, ya cire takalmi, ya ga katakon tumatir. Kaka ta ba shi kunu da hannunta, amma ta zauna tsakaninsa da ƙafar har ya tafi.

Ranar da aka kwance, kumburi ya saɓe, ƙafar ta rame ta zama kamar muciya. Kaka ta yi sadaka da waina. Saura wasa biyu kakar ta ƙare, Yaya ya ce zai buga, don in kocin bai gan shi a fili ba babu zancen gwaji. Bai yi minti goma ba. Ba wanda ya taɓa shi, juyawa kawai ya yi zai bi ƙwallo, gwiwar ta tafi gabas shi ya tafi yamma. Wannan karon ya yi ihu.

Likitan ya daɗe yana kallon sabon hoton, fara'ar ta tafi. Guringuntsin ma ya yage. Kaka ta ce ai ta faɗa, wasan ne ba alheri a cikinsa. Da zafi ya shigo kwangilar kocin ta ƙare, ya koma ƙasarsu da alkawarinsa.

Takardar ziyarar Kaka ma ta ƙare. A Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid ta yi wa kowa addu'a, ta ja ni gefe kusa da masu naɗe jaka da leda, ta riƙe hannuna da hannayenta biyu. Ta ce, "Balarabiya, duk gidan nan ke kaɗai kika faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana. Na bar miki amanar ƙafar nan." A nan ya kamata in faɗa mata. Na ce, "To, Kaka."

Wata biyar ke nan da yi wa Yaya aikin. Baba ne ya yanke shawara bayan tafiyarta, ya ce kada kowa ya kai zancen gida. Likita ya ce tafiya za ta dawo. Gudu, in sha Allahu. Da Yaya ya tambaye shi tsalle sai ya gyara gilashinsa ya ce a bi abin a hankali, a ga bayan shekara. Kullum da safe Yaya yana ɗaura roba a ƙafar gado yana jan ta da ƙafarsa, yana ƙirgawa. Gwiwar ba ta lanƙwasu sosai ba tukuna, a masallaci kujera yake ɗauka ya zauna a sahun tsofaffi. Ya fara koyon tuƙin babbar mota a waya, wai don kada zama ya yi yawa. Bai taɓa tambayata abin da aka yi a ɗakin likita ba, ni kuma ban san ko bai sani ba ne.

Yanzu matan unguwa da ba su jin Larabci ni suke nema in raka su asibiti. Suna yabona, wai ba na ƙara gishiri, abin da likita ya ce shi nake faɗa, in kalma ta yi mini nauyi sai in sa shi ya sake bayani sau uku. Ba su san ni da can ba.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci Kaka tana kira. Ta gaisa da Baba, ta tsokani Maigidanta, sannan ta ce a ba ni. Yawanci ina ɗakin Yaya, tabon aikin yana gabana, layi ɗaya da ɗigo uku.

"Balarabiya, ba su taɓa ƙafar ba ko?"

"Ba su taɓa ba, Kaka."

"Allah ya yi miki albarka."

Yaya ne yake cewa amin daga inda yake kwance, ya ci gaba da ƙirgarsa.