Teburin Dogo Daga Thamesmead Zuwa Bloomsbury

Thamesmead, ƙarfe shida saura kwata

Muna sallame sallar asuba ƙanena Sani ya fara jan katako zuwa bakin lif, garin kuwa duhu ƙirin, sanyi na shiga har cikin haƙori. Kwanana tara ke nan a London, na zo daga Zariya ganin jaririyarsa, kuma ranar ce karon farko da zan ratsa birnin. Zumuɗi bai bar ni na karya kumallo ba. Na dai zura tef ɗin awona a jaka, don tela ba ta fita babu shi.

Sani kafinta ne kamar marigayi Babanmu. A gida Dogo muke ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga zaure, ni kuwa da ƙyar nake kai masa hammata. Shekara shida yana aiki a ƙarƙashin wasu, sai bana ya samu aikin farko da sunansa. Wata malamar lissafi a wata jami'a, Dakta Bilkisu, ta sa shi ya yi mata teburin wani wasa da ake kira craps, wanda ake jefa dayis biyu irin na ludo.

Da na ji, na ce masa, "Dogo, caca ka koma yi wa aiki?"

"Haba Yaya. Babu ko sisi a ciki. Yaran makaranta za ta koya wa lissafin yiwuwa da shi. In ta ji daɗinsa za ta yi recommending ɗina a yi musu dukkan kantocin ofis. In ba ta karɓa ba, na koma yaron wani."

Sha biyun rana aka ba shi, ba ƙari.

Teburin kamar kwale-kwale yake, mai zurfi, da bango kewaye. Tsawonsa ƙafa goma sha biyu, an yi shi gida uku saboda ya shiga lif. A jikin na tsakiyar Sani ya sassaƙa sunan Baba da ajami, aikin da ya ci masa mako biyu. Sai da na shafa rubutun kafin a sa shi a mota.

Fiton Woolwich, ƙarfe shida da rabi

Direbanmu Alhaji Isufu ne, mutumin zangon Kumasi, mai wata farar motar kaya da ta ga duniya. Hausarsa ba ta san mace ba.

"Hajiya, ka zauna gaba. Motan nan ya tsufa amma shi na da zuciya."

Tafiyar mil uku ta kai mu bakin kogi, muka shiga layin jirgin fito, mota da mutanenta gaba ɗaya, kuma kyauta. Ni da ban taɓa hawa ko kwale-kwale ba, sai ga ni a tsakiyar ruwa ina leƙen fitilun birni ta taga, ina ta salati ina dariya. Minti goma muka tsallake. A ɗaya gefen Alhaji ya tsaya ya sayo mana shayi, fam biyu kofi, ruwan zafi ne kawai da aka nuna masa madara daga nesa.

Stratford, ƙarfe bakwai da kwata

A bayan tashar jirgin ƙasa, cikin wani lungu, akwai shagon wata tsohuwar Baturiya da za ta shimfiɗa wa teburin koren ƙyalle ta manna masa roba mai ƙuraje a bango. Sani ya ce ta daɗe tana aiki a irin waɗannan tebura kafin ta yi ritaya. Ina ganinta na so ta, don tsawonmu ɗaya.

Aka haɗa teburin. Ta zagaya shi sau biyu tana yaba aikin, Dogo na ta washe baki. Sannan ta ciro dayis biyu jajaye ta miƙo mini, Sani yana fassara. Ƙa'idar ita ce a jefa da hannu ɗaya, kuma dole su bugi bangon can ƙarshe su dawo, in ba haka ba jifar ba ta shiga lissafi ba.

Ni fa a ludo ba a ja da ni a unguwarmu. Na gyara mayafi na matso, sai bakin teburin ya tokare ni a haƙarƙari. Na yi ɗage, na miƙa hannu ciki, gwiwar hannuna ta bugi katako. Na jefa, dayis suka mirgina suka kwanta a tsakiya kamar sun gaji. Na biyu na ƙara ƙarfi, ɗaya ya yi tsalle ya fice, ya faɗa cikin shayin Alhaji Isufu.

Kowa ya yi dariya ban da tsohuwar. Ta karɓa ta jefa, nata ya kai, amma sai da ta ɗaga ƙafa ɗaya ta kwanta a kan bakin teburin. Ta yi wa Sani bayani a hankali. A dogon tebur, in ji ta, mai jifa sai ya sa kafaɗa da ƙarfi, da ƙarfi ya shigo kuwa sai saiti ya tafi, dayis su yi ta tashi sama. A gajere, wuyan hannu kaɗai ya isa. Tsayin bakin kuma, in ya wuce ƙugun mutum, hannunsa ba zai sake ba. Sai ta tambaye shi shekarun waɗanda za su yi wasan.

"Sha ɗaya zuwa sha uku," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

Na ce, "Dogo, da me ka auna teburin nan?"

"Da jikina, Yaya, yadda Baba ke yi. Tsayi daidai ƙugu, faɗi daidai miƙar hannu. Na gwada jifa ya fi sau ɗari, ko sau ɗaya bai ƙi kaiwa ba."

Tausayinsa ya kama ni, haushi ma ya kama ni. Yana ɗan shekara tara Baba ya rasu, abin da ya riƙe shi ne tsoho yana miƙa hannu a kan katako. Ni da na girme shi da shekara takwas na ga sauran.

"Baba da jiki yake awo, gaskiya ne, amma jikin mai kaya. Ka manta yadda yake sa mata su zauna a kan turmi kafin ya yanka ƙafar kujera? In mai kayan bai zo ba, sai ya nemo mai tsawonsa a layi. Ni nan sau nawa aka kira ni daga tsakar gida."

Sani ya ɗaga kai. Agogon shagon ya nuna takwas da minti goma.

Tsohuwar ta ce tana da ƙyallen tebur mai ƙafa takwas a ajiye. In aka cire gidan tsakiya aka haɗa na gefe biyu, shi ke nan. Muka dubi gidan tsakiyar gaba ɗaya, sunan Baba na nan a jiki yana sheƙi.

"Yaya, don shi na yi," ya ce.

"Na sani. To yanzu yi yadda zai yi."

Ya shafa rubutun. Daga nan ya cire rigar sanyi ya ce Alhaji ya miƙo masa zarto. Na fito da tef ɗina, na tsaya ƙyam a jikin teburin, aka sa alama daidai ƙuguna, inci biyar za su fita daga kowace ƙafa. Awa biyu da rabi shagon na ƙara, ni riƙe, Alhaji sharar garin katako, tsohuwa da gam. Da aka gama na jefa da wuyan hannu kawai, dayis suka tafi suka bugi roba suka dawo. Sai da na yi guɗa, har maƙwabcin shagon ya leƙo.

Bloomsbury, sha biyu saura minti bakwai

Mil shida ne daga Stratford, amma cunkoso ya ci mana minti hamsin, Alhaji na ta yi wa jajayen fitilu faɗa kamar suna jinsa. Mai gadin jami'ar ya duba takardarmu ya ɗaga ƙarfe. Dakta Bilkisu, 'yar Katsina ce, ta tarye mu da yara wajen ashirin a bayanta.

"Malam Sani, ba twelve feet ka ce mini a waya ba?"

"Na rage, Dakta. A gwada a gani."

Ta kira mafi ƙanƙanta a cikinsu, wata yarinya mai farin hijabi da gilashi. Yarinyar ta jingina da bakin teburin, hannunta ya shiga ciki sakayau, ta saki dayis. Suka bugi bango, suka dawo, huɗu da uku. Yara suka ɗau ihu suna rige-rigen layi. Mun tsaya mun ga jifa talatin da wani abu, biyu kacal suka fice.

Dakta ta juyo ta ce, "Ranar Litinin ka zo ka ga ofisoshin. Ka zo da tef."

Komawa gida

La'asar ta same mu a Thamesmead, gidan tsakiyar teburin na bayan mota shi kaɗai. A falo Sani ya ɗora shi a kan guntayen ƙafafun da aka yanke, matarsa ta jera mana tuwon shinkafa da miyar taushe a kai, sunan Baba na kallonmu. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Alhaji Isufu da ya shanye asarar shayinsa, da tsohuwar da ko sunanta ban iya faɗa ba.

Muna gama ci Sani ya zaro tef daga jakata. Ya ce ya daɗe yana son ya aika a yi mini teburin yankan yadi a Zariya, don wanda nake aiki da shi na Baba ne, ya sha ganin ina taka bulo kafin in kai.

"Tashi tsaye, Yaya," ya ce. "Miƙo hannunki."